Sabon Hancin Bindigar Baba

Babban yatsana na dama bai ƙara ganin lalle ba tun shekarar da aka kawo wa bindigar Baba sabon hanci. Har yau da na tsufa, in ana biki aka zo ƙunsa min lalle sai in ware shi gefe, 'yan mata su yi ta dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban taɓa ba su labarin ba, don ba labarin gidan biki ba ne.

Gidanmu a Gwallaga yake, cikin garin Bauchi. Asalinmu mutanen daji ne, masu shanu. Kakanmu ne ya shigo gari bayan annoba ta share masa garke, ragowar da ta tsira kuma aka bar ta a hannun 'yan'uwa a Gwallameji, wadda a lokacin ba komai a cikinta sai 'yan bukkoki da ciyawa da kuraye. Baba bai yi kiwo ba. Soja ya shiga lokacin yaƙin Turawa, aka haye teku da shi, ya dawo da ƙarancin magana da iya harbi. Wani Bature likitan dabbobi da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da tsohuwar bindigarsa, irin mai cin harsashi, ba ta maƙera mai cin albarushi ba, ya kuma tsaya masa har aka ba shi lasin. Daga nan duk rugar da kura ko damisa ta addaba, Baba ake aiko wa. A sallame shi da tunkiya, ko ƙwaryar man shanu, ko damin gero. Da wannan muke ci. Amma ba cin ne babban abu a wurinsa ba. Mutum ne da bai gaji garke ba, bai iya kasuwa ba, bai yi karatu mai zurfi ba. Abu ɗaya ya rage masa da ake matsa masa wuri a masallaci saboda shi, wato idonsa da ba ya kuskure.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa duban fuskata ya ce min ci kanki ba, balle hira. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, bango zai kalla ya ce a kawo ruwa. Inna ma haka, har ta fi shi, don in baƙi suka tambaye ta wace ce ni sai ta ce 'yar Goggo ce. Goggo, yayar Baba, ita ta raine ni, ita kaɗai ke kiran sunana a gidan, yawanci kuma don ta yi min faɗa. Ana ce wa wannan kunya, ana yabon ta a bakin manya. Ni dai na ga abin da ta ci a gidanmu, ba zan yabe ta ba.

Na yi aure, ba mu daɗe ba sanƙarau ya ɗauke mijin, babu ɗa a tsakaninmu. Na gama takaba na dawo ɗakin Goggo da ƙuruciyata da zafin rai da ban san inda zan kai shi ba. Dawowata ta zo daidai da maganar sabon hanci, 'yan shekaru kafin 'yancin kai.

Hanci shi ne dogon ƙarfen nan da harsashi ke bi ya fita. A cikinsa akwai wani zane da ke murɗewa tun daga gindi har baki, shi ke sa harsashi ya tafi a miƙe. Baba ya ce na tsohuwar bindigar ya cinye, harsashi ya fara zuwa inda ya ga dama, don a damina guda ya kuskure kura ba sau ɗaya ba. Yanzu in na tuna, ban san ko hancin ne ya cinye da gaske ba, ko tun lokacin ne abin ya fara masa. Ya dai sa aka sayar da bijimi, ya ba wani kanti a Jos saƙo, muka yi ta jira har Goggo ta fara cewa bijimin ya bi ruwa. Wata rana da rani sai ga shi a motar kaya, cikin dogon akwatin katako. Wani mai gyaran bindigogi a barikin 'yan doka ya ɗaura shi, Baba ya rungumo bindigar ya dawo gida yana ta gaisawa da mutane a hanya, shi da ko sallama da ƙyar yake amsawa.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa buzu a rumfar ƙofar turakarsa, ya kalli garu ya ce, "A tafasa ruwa." Na tafasa. Sabon ƙarfen an lafta masa wani maiko mai kauri don kada tsatsa ta kama shi a hanya, warinsa kamar na garejin mota. Baba ya zare sakatar bindigar, wato ƙarfen da ke rufe inda harsashi ke kwanciya, ya ajiye a gefe, ya kafa mazurari a gindin hancin ya riƙa ɗura tafasasshen ruwa. Ruwan ya riƙa fitowa rawaya, daga baya ya fara washewa. Bai daina ba sai da ƙarfen ya yi zafin da ba ya riƙuwa sai da tsumma, wai don ya shanya kansa da kansa. Sannan ya ɗauko wata igiya mai ɗan tagulla a bakinta, ya maƙala mata farin ƙyalle, ya zura tagullar ta gindi ta faɗo ta baki, ya ja a miƙe da numfashi ɗaya.

Yana yi yana bayani, amma Goggo yake yi wa, ita da ke tsinken shinkafa ba ta ma kallonsa.

"Adda, igiyar nan ba a bari ta goga leɓen hancin. In ta goga yau ta goga gobe, sai ta ci ƙarfe."

"To, Soja," in ji Goggo. Haka take kiransa in tana jin tsokana. "In na sami tawa bindigar zan kiyaye."

Na san ba da ita yake ba. Ni ce nake tsugune da butar ruwa, ni ce nake kallon hannunsa. A gidanmu haka magana ke zuwa min, sai ta biya ta ɗakin Goggo.

Da ya gama sai ya zo dubawa. Sojoji suna da wata dabara: a sa farcen babban yatsa a gurbin sakata, hasken rana ya doki farcen ya haska cikin hancin, mai dubawa ya leƙa ta baki. Farcen Baba baƙi ne, akwatin harsashi ya danne masa shi a wurin yaƙi, bai ƙara fitowa daidai ba. Na Goggo da na Inna lalle ya rine su. Ni kaɗai ce mai farin farce a gidan, don tun takaba ban waiwayi kwalliya ba. Baba ya kalli gindin rumfa ya ce, "A sa yatsa."

Na sa. Ƙarfen yana da sauran ɗumi. Ya kafa idonsa na dama a bakin hancin, ya daɗe yana kallo, yana ɗan juya bindigar. Tunda nake ban taɓa zama kusa da mahaifina kamar haka ba, tsawon bindiga kawai ke tsakaninmu, ina jin ƙanshin goron da ya ci. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Tubarkalla. Amma da ɗan hayaƙi-hayaƙi a ciki. Maikon bai gama fita ba." Da yamma Goggo ta isar min da saƙo, wai an ce kada a ƙunsa wannan yatsa.

Hayaƙin nan shi ne masomin komai, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ba a cikin hancin yake ba. A idon Baba yake. Ban daɗe ba na gane. Duk sanda ya ɗago daga leƙe, kafin ya kawar da kai, ina ganin ƙwayar idonsa ta dama ta yi wani shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga nono a ruwa. Don in tabbatar, wata Juma'a yana masallaci na ɗauko bindigar, na zare sakatar kamar yadda na ga yana yi, na ɗaga ta sama na leƙa ta gindi. Ban taɓa ganin abu mai tsabta irin wannan ba. Haske ne zalla, zanen yana murɗewa a cikinsa sumul har ya fita ga sararin sama. Na mayar da ita inda take.

Shi kuwa ya ɗauki sabon hancin da muhimmancin da ba ya ba kansa. Ya ce ba a gaggawa da sabon ƙarfe, sai an koya masa hanya kamar sabon san noma. Sai ya tafi gindin dutse a bayan gari da tsohuwar ƙwarya, ya kafa ta, ya yi harbi ɗaya, ya zauna ya goge, ya bar ƙarfen ya huce, sannan ya sake. In ya dawo a tafasa ruwa, don gishirin harsashi in ya kwana a ciki tsatsa yake haifarwa. Amma ƙwaryar takan dawo da rai, ko a same ta da ɗan karce a gefe. Sai ya jefar da ita a tsakar gida ya ce wa Goggo hayaƙin nan ne, sai ya fita tukuna.

Da farko ranar Juma'a kawai ake goge bindiga. Sai ta koma duk bayan kwana biyu, sai kullum. Ya zargi man da aka haɗo masa da shi, ya karɓo man keken ɗinki wurin tela. Ya zargi ƙyallen, ya yanko sabon alawayyo. Ya gwada kananzir. Da damina ta faɗi ya zargi danshi, ya naɗe bindigar da bargonsa na soja, shi ya kwana a sanyi. Kowace safiya in tsuguna in sa yatsa, shi ya leƙa, ya yi tsaki. A wannan tsakanin ya fara zuba shayi a gefen kofi. Ya gaida mai unguwa da sunan wani. Ya daina buɗe Alƙur'aninsa, ya koma karanta abin da ya haddace. Duk gidan muna gani, kowa ya kama bakinsa.

Ni ban iya kama nawa ba. Na sami Goggo a madafa na ce, "Goggo, idon Baba ne fa. Yanar ido ce. Bindigar nan ba abin da ya same ta."

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Rufe min baki! Ubanki za ki yi wa baki? Ke wace irin yarinya ce?"

"Ba baki ba ne, Goggo, abu ne a fili. Ke ce yayarsa, ke zai ji."

"In je in ce masa me? Soja, ka makance? In raba shi da abu ɗayan da ya rage masa? Ke ba ki san maza ba. Allah zai kawo sauƙi."

Na juya wurin Inna, wadda ke tankaɗe a bakin ƙofa, duk ta ji mu. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa rariyar hannunta, "Ni ba abin da na gani."

Na taɓa ji a gidan mijina cewa akwai asibitin ido a Kano, ana cire yanar, mutum ya koma gani. Wata rana da la'asar Baba yana rumfa, na ɗaga murya na ba Goggo wannan labari, kamar hira ce kawai, yadda shi ma yake aiko min da magana. Ya naɗe buzunsa ya shige turaka, tuwonsa ya kwana a rufe. Goggo ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, Inna kuma ta ce wa tukunya wasu ba a haife su da ta-ido ba. Safiya ta uku na ji muryarsa daga rumfa, a sa yatsa. Na je na sa, ya leƙa, ya ce hayaƙin ya ƙaru.

Goggo ba muguwa ba ce, tausayin ƙaninta ne ya yi mata yawa, kuma da tausayin ta ƙarasa ɓarnar. Tana da mundayen tagulla da tasoshin aurenta da take gogewa da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya, su fito suna walƙiya. Ganin yadda yake ramewa a kan hayaƙin, sai ta ce masa, "Soja, ƙarfe ai ƙarfe ne. Me zai hana ka gwada abin da nake wanke tasoshina?" Ya yi mata dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce da a soja ne ta faɗi haka da an ɗaure ta. Ya san ba daidai ba ne, ya fi kowa sani. Amma mako bai zagayo ba na gan shi a bakin murhu yana tankaɗe toka da kansa.

Ba na manta ƙarar. Da, in ya ja igiya ba ka jin komai sai ɗan huci. Yanzu kuwa wani ƙaras-ƙaras ne, irin na yashi a haƙori. Ƙyallen ya fito baƙi ƙirin, kuma baƙi a kan fari yana iya gani. Ya ɗaga shi sama yana murna.

"Adda, kin gani? Ga shi nan yana fita!"

Ba datti ne ke fita ba, ƙarfen ne kansa. Kullum ƙyalle ya fito baƙi, kullum ya ƙara samun hujja. Da toka ta gaza sai ya haɗa da lallausan yashi. Igiyar da ya ce kada ta goga leɓe, yanzu a karkace yake jan ta don ba ya ganin inda ta dosa, ina kallo tana cin gefe ɗaya. Wani lokaci in ji kamar in fizge bindigar in jefa rijiya. Haushin kowa nake ji, na Goggo, na Inna, na shi kansa, har da na kakannin da suka ƙirƙiro cewa 'ya ba za ta dubi ubanta ta gaya masa abin da zai cece shi ba. A haka muka ci shekaru. Aike daga ruga ya ragu, don labari ba ya ɓuya, amma su ma mutanen rugar kunyar ce ke ɗawainiya da su, ba wanda ya faɗa masa dalili.

Shekarar 'yancin kai ta zo, gari ya cika da magana. A zaure ba a hirar komai sai ta mulki da wanda zai gaji kujerar Bature. 'Yan makaranta suna ta koyon maci da ƙananan tutoci. Abin da Baba ya tambaya a kai ɗaya ne, ko sabuwar gwamnati za ta sabunta masa lasin.

Ana saura kwana kaɗan bikin, a ƙarshen damina, sai ga ɗan baffanmu daga Gwallameji, magidanci ne mai kula da ragowar shanunmu. Ya ce kura ta dame su, ta ɗauke musu tunkiya, tana kewaya turken maruƙa. Ina jin ba shi da wanda zai je wa ne, ko kuma ya ga rashin kyautawa ne ya tsallake baffansa ya nemi bare. A cikin maruƙan nan akwai tawa. Ranar sunana Baba ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a wurinmu, ta hayayyafa, cuta da fari suka yi ta ɗiba, har ya rage saniya ɗaya da 'yar maraƙar da ta haifa a daminar nan, toka-toka mai ɗigo-ɗigo a baya. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, wannan kyautar ita ce maganar da ya taɓa yi min kai tsaye, kuma ina ji da ita.

Da Baba zai fita na je na tsaya a ƙofar zaure. Ban shirya abin da zan faɗa ba, na dai tsaya. Ya zo da bindiga a kafaɗa, ya ga duhun mutum a ƙofa, ya san ni ce. Na ce, "Baba." Ya tsaya, fuskarsa a bango, yana jira. Duk maganar tana bakina, amma ba wanda ya taɓa koya min yadda ake tare uba a hanya. Can sai ya ce a hankali, "A ba ni hanya." Na matsa ya wuce.

Ranar bikin suka dawo, wajen azahar. Tun safe ake kaɗe-kaɗe, mutane sun ci ado suna tururuwa zuwa fili. Cikin wannan hayaniya jaki ya shigo lungunmu da nama a mangala, ɗan baffanmu yana kora shi, Baba yana biye a baya kansa a ƙasa. A saman kayan an ɗora fata a naɗe. Tun kafin a sauke na gane ɗigon da ke jikinta.

Ɗan baffanmu ya ba Goggo labari a madafa, murya ƙasa-ƙasa. Sun yi kwanto har gari ya fara wayewa, ciyawa ta kai ƙugu, raɓa ta sauka. Maraƙar ta tsinke igiya ta bi bayan uwarta ta cikin ciyawar. Shi ya gan ta sarai, ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai ya ji ƙarar bindiga, Baba ya ɗauka kura ce. A cinya harsashin ya same ta, don ko ita ɗin ba a inda ya auna ya samu ba. Suka yi maza suka yanka kafin ta mutu.

Maƙwabta suka ga nama ya shigo gidan mai bindiga ranar 'yanci, suka ɗauka yankan murna ne. Mata suka riƙa shigowa da kwanuka suna guɗa, ana Allah ya ƙara arziki, Allah ya bar mana Soja. Inna ta zauna tana rabawa, fuskarta ba yabo ba fallasa, tana amsa amin. Ni aka sa wa wanke kayan ciki. Na wanke, na dafa, ban kai ko loma bakina ba. Na shiga ɗakin Goggo na yi kukan da ban yi ba ranar da mijina ya rasu, ana ta buga ganga a waje.

Da safe na ji motsinsa a rumfa kamar kullum. Na ce a raina yau ko zai mutu yana kira ba zan je ba. Bai kira ba. Shirun ne ya dame ni, na fita. Yana zaune a kan buzu, bindigar a cinyarsa, ya zare sakata. Babu toka, babu ruwan zafi, babu igiya. Fatar maraƙar tana shanye a kan garu a bayansa. Na tsuguna a inda na saba, na miƙa yatsa. Sai ya juya bindigar, ya miƙo min gindinta, ya ɗaga bakinta wajen rana. Ya juyo da fuskarsa gare ni sosai, abin da bai taɓa yi ba, idon nan fari fat yana neman inda nake.

"Ke," ya ce. "Duba min."

Na karɓa na leƙa. Haske yana nan, har ya fi na da, amma zanen ya tafi. Wajen gindi ana ɗan ganin alamarsa, daga tsakiya zuwa baki kuwa ya shafe sumul kamar cikin tsohuwar tasa, leɓen ya zaizaye ta gefe ɗaya.

"Hayaƙin yana nan?"

Goggo ta fito bakin madafa tana yi min alama da hannu. Ban kalle ta ba.

"Babu hayaƙi, Baba."

"Ya fita ke nan."

"Ba fita ya yi ba. Tun ranar da aka kawo shi babu."

Can ya ce, "Tun ranar?"

"Tun ranar, Baba."

"Kuma duk kuna gani."

Ba tambaya ba ce. Inna ta bar sharar da take yi ta shige ɗaki. Ya miƙo hannu na mayar masa da bindigar, ya lalubi bakin hancin da yatsa, ya bi zaizayar a hankali, ya sake bi. Ya ce, "Ashe ba shi da laifi. A banza na cuce shi." Bai ambaci maraƙar ba, ran nan ko daga baya, ni ma ban ambata ba.

Bayan girbi aka sayar da uwar maraƙar, da yardata, ɗan baffanmu ya kai Baba Kano. Likita ya ce ba yanar kaɗai ba ce, akwai abin da ya riga ya cinye idon ta ciki, da an zo tun farko da an tsira da wani abu. Suka dawo da 'yar kwalbar magani. Kafin wata damina na hagun ma ya bi sahu.

Bindigar ba ta ƙara tashi ba, amma bai yarda a rabu da ita ba. Duk Juma'a da hantsi sai in shimfiɗa masa buzu a rumfa, in ɗauko ta, in zare sakata, in zura igiya da ɗan man keke a ƙyalle. Shi yana zaune ya karkata kai yana saurare, in igiyar ta kusa goga leɓe sai ya yi gyaran murya, ni kuma in gyara hannu, ko da yake ba sauran abin da za a tsare a wurin. In na gama sai ya riƙe min ita, in kama babban yatsana in sa a gurbin sakata, in miƙa wuya in leƙa ta baki da ƙyar. Sai ya ce, "Ke, yaya?" In ce, "Tas, Baba." Ya ce, "Madalla."

Manema sun zo, na ƙi, sai bayan rasuwarsa na sake aure. Mutane sun yi ta cewa na yi wa ubana hidima, Allah ya yi min albarka. Ba hidima ce ta zaunar da ni ba. Tambayar nan tasa da amsata su ne duk hirar da na taɓa yi da mahaifina, kuma ban so Juma'a ko ɗaya ta wuce ni ba.